Yayen da Ban Ɗauko Ba

Garwa zuwa Gaundare

Ana kiran assalatu na fita daga gida, da ƙullin kayana da sabon zanen goyo. Ƙanena Sule, tela a Yawunde, ya aiko cewa ɗansa Yusufa ya isa yaye, in zo in ɗauke shi kamar yadda aka saba. Direba ya rantse da asuba zai tashi, amma sai da rana ta fito sosai muka bar tasha. A shingen farko jandarma ya riƙe katin shaidata a juye yana ta nazari. Na bar shi da karatunsa. Da la'asar muka hau tudun Gaundare, mota tana tari.

Jirgin ƙasa

Ya tashi da magariba. Bencin katako ne, maƙwabcina kuma da buhun busasshen kifi. A Belabo na sayi rogon nan da ake naɗewa a ganye, wanda mutanen kudu ke ci suna lumshe ido. Ni dai yunwa ce ta sa. Da hantsi muka shiga Yawunde, tasi ta ajiye ni a bakin unguwar Briqueterie, na ƙarasa da ƙafa ina tsallake kwata.

Gidan Sule

Kekunan ɗinki suna ta ruri a zaure, mahauci yana saran ƙashi a bayan katanga, Yusufa kuwa yana zaune a tabarma abinsa.

“Kin ga ɗan albarka,” in ji Iya, ƙanwar mahaifiyarmu. “Ba kuka, ba rigima. Haƙurin kakansa ya ɗauko.”

Na tambaya me yake iya faɗa. Aka ce magana ai lokaci ce. Sai na zagaya bayansa na saki faranti a ƙasa. Kaji suka watse, Iya ta dafe ƙirji, yaro ko waiwaye. Gida cike da manya, shekara biyu suna yabon abin da ya kamata ya hana su barci.

Uwarsa Hadiza tana gefe tana tsince shinkafa. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma har yabon kunyarta ake yi. Raina ya ɓaci da ita fiye da kowa.

Na ce gobe sai asibitin awon yara. Sule ya ce, “Yaya, wannan ai na matan ma'aikata ne, 'yan unguwar Cité Verte. Ga ɗinkin Sallah a gabana.” Na ce ya zauna da rigunansa, su ma ba sa magana.

Wurin awo

Da ƙafa muka je, ni da Hadiza. Mai awon wata 'yar Marwa ce, tana jin Hausa. Ta sa shi ya taka, ya taka. Ta miƙa masa murfin kwalba, ya ɗauka da yatsu biyu. Ta kaɗa ƙararrawa a bayansa, shiru.

Ta ce wa Hadiza, “Madam, tsaya bayansa ki kira sunansa.”

Hadiza ta dube ni. Na ce, “Kira mana, ba Iya a nan.”

Ta kira. Ta sake. Yaro yana ta juya murfinsa.

“Yaya,” ta ce, “tun yana rarrafe nake kiransa idan gida ya watse. Wa zan gaya wa? Sai a ce na zaƙe a kan ɗan fari.”

Ashe a gidan nan kaf ita kaɗai ta sani, ita ce kuma aka hana buɗe baki. Tausayinta ya kama ni.

Likita ya duba ya ce kunnen hagu yana ɗan ji. A riƙa kawo shi, kuma uwar ta riƙa sa shi a gaba yana kallon bakinta, tana yi masa magana wuni guda. Da ya ji zan tafi da shi Garwa, ya ce kada a kuskura a raba su.

Da muka dawo Iya ta ce, “Uwa ta zauna tana hira da ɗan fari? Me unguwa za ta ce?”

Na ce, “Iya, unguwa ta daɗe tana yabonsa. Kalma nawa ta koya masa?”

Komawa

Ranar tafiyata ina ɗaure kaya sai na ji kekunan zaure sun tsaya. Na leƙo. Hadiza ce a tsakar gida, gaban Iya da kowa, ta ɗora shi a cinya ta riƙe haɓarsa, tana cewa “Yusufa” da ƙarfi. Ya zuba wa bakinta ido, ya kai hannu ya taɓa leɓenta.

Jirgi da mota suka maido ni yadda suka kai ni, da jandarmomin da komai. Na gode wa Allah da ya sauke ni lafiya, na gode wa 'yar Marwa. Maƙwabta suka taru ganin ɗan yaye, suna leƙen bayana. Na ciro zanen goyon da ninkinsa na mayar cikin akwati, na ce musu yana wurin uwarsa, hira suke yi.