Neman Ƙarshen Fim Daga Haɗeja Zuwa Kano

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da ɗan kawuna mai fataucin bandar kifi. Shi kwandunansa zai kai Kano. Ni kuwa a wajen Baba sunana ɗan rakiya mai taya dako. Ku 'yan majalisar bakin kasuwa kun san abin da ya kai ni, amma bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba tun motar ba ta tashi ba.

Da ranin da ya wuce wani mutum ya zo garinmu da majigi. Ba irin na gwamnati mai koya mana zuba taki da wanke hannu ba, nasa na kansa, ya haska fim ɗin Indiya a bangon siton gyaɗa. Muka ga ekta ya yi rawa da laima, ya tumurmusa 'yan iska, ya nemi wata yarinya mai dogon gashi har ta yarda. Sai mai majigi ya canja gwangwani, don fim ɗin a gwangwani-gwangwani yake zuwa. Muka ga mace da ɗan yaro a bakin kogi, muka ce to, an yi aure har an haihu, ga ɗan ekta nan. Ruwa ya taso ya kwashe yaron, uwar tana ihu a gaɓa. Nan injin ya yi tari ya mutu. Da gari ya waye mai majigi ya yi gaba da kayansa.

Ni kuma al'adata duk abin da na gani sai na kai wa Kaka, mahaifiyar Baba, ina yi ina kwaikwayo tana dariya. Ran nan ma na kai mata. Wallahi ban kawo a raina ba cewa ita ma ruwa ya taɓa ɗauke mata ɗa, ƙanin Baba, yana ƙarami, tun ba a haife ni ba, kuma ko gawarsa ba a gani ba. Ba a maganarsa a gidanmu. Tun daga ranar da na kai mata labarin abincinta ya ragu, sai ta zauna a ƙofar ɗaki ta yi tagumi, in na wuce ta ce, "Maigida, yaron nan na Indiya, an same shi kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To kar ka ƙaga mini, na san idonka in kana ƙarya." Har ta fara ramewa, Baba yana ta harara ta. Shi ya sa na ce ko ana ha-maza sai na je na gano ƙarshen fim ɗin nan.

Mota ta kai mu Malam Madori, inda za mu hau jirgin ƙasa mai zuwa daga Nguru. Damina ta kankama, ruwa ya fara shiga fadama, shinkafa ta yi kore shar, ga balbela fari fat a bayan shanu. Direban har yanzu bai gama yarda an koma tuƙin hannun dama ba, a tsakiyar hanya yake tafiya, wai don kar ya ɓata wa kowane ɓangare rai. Karen motarsa yana maƙale a baya yana rera waƙa kamar gidan ubansa za a kai shi.

Jirgi kam abin sha'awa ne. Ban taɓa wuce Gagarawa ba sai ran nan. Taragonmu cike da mutane da kaji da buhunan barkono, kowa yana atishawa, ga warin kifinmu ya cika ko'ina har wata Bayarabiya ta ɗauke kayanta ta koma can ƙurya. A Taura na sayi dafaffen ƙwan zabi, a Ringim na sha fura mai kyau, ba irin mai ruwa tsululu ba. Sabon kuɗin nan kuwa rikita mata yake yi, ka miƙa kwabo goma su ce su sule suka sani, alhali abu ɗaya ne. Da muka wuce Jogana na leƙa ta taga har hulata ta kusa tafiya, don an ce daga nan ake fara hango hayaƙin birni.

Kano! Jama'a, wanda bai je ba ya yi ƙoƙari. Motoci kamar tururuwa, babura sababbi fil, kowane yaro da wando mai faɗin ƙafa yana share titi da shi, ga gashi an tara kamar sheƙar tsuntsu. Muka sauka a zauren fatomanmu, wato dillalin da ke saukar da fatake ya sayar musu da kaya. Ɗan kawuna ya shiga ciniki, ni kuwa na wanke ƙafa na nufi wajen ganuwa, inda gidajen silima suke.

Gidan silima ba kamar majigi ba ne da kowa zai zo ya tsuguna a ƙasa. Katanga ce doguwa, sama a buɗe, bango fari ƙato ya fi masallacin unguwarmu tsayi. Gaba benci ne na masu sule ɗaya, nan ake ihu da jifa da ɓawon gyaɗa. Baya kujeru ne na ma'aikata da Kwarori, su ba sa ihu, sai dai su kaɗa ƙafa. A ƙofa ga masu tsire, masu rake, masu sigari, ga hotunan fim an manna a allo mutane sun yi cincirindo suna gardama.

Matsalar ita ce ban san sunan fim ɗin ba. Mu a Haɗeja Ruwa Ya Ci Yaro muka sa masa, na faɗa a ƙofa aka yi mini dariya. Na ce to ai shi ne wanda a ƙarshensa kogi ya kwashe ɗan ekta. Kowa ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Tun da na riga na zo, sai na shiga abin da ake yi ran nan, na kaboyi ne. Ra'ayina a kansa gajere ne: dawakai masu kyau, amma mutanen ba tarbiyya. Mutum ya shigo ɗaki ba sallama, ba gaisuwa, a kalli juna, sai harbi. Har aka tashi ban ga uwar kowa ba.

Washegari na gwada wani gidan, na tarar da na Canis, wanda shi ake yayi yanzu. Wannan kam ya motsa ni, ba zan ɓoye ba. Ɗan siririn mutum ba riga, ya yi ƙara kamar muzuru, ya tashi sama ya zubar da ƙarti. Da aka fito duk yaran gari tsalle suke suna kai wa iska duka, ni ma na gwada na kusa faɗawa kwata. Amma ka kwana ka tashi ka ce za ka ba wani labarinsa, ba ka da abin faɗa sai an doki wane, wane ya rama. Na Indiya shi ne fim. Ba ka jin ko kalma ɗaya, amma ka ga suruka, ka ga maraya, ka ga kunya irin tamu, ka yi kuka ka yi dariya a kuɗi ɗaya.

Kifi ya kusa ƙarewa, ɗan kawuna ya ce jirgin jibi za mu bi ko na gani ko ban gani ba. Hankalina ya tashi. Na zauna wajen wani mai shayi a bakin silimar ina ba shi labarin tun daga farko, ya yi ta girgiza kai. Da na rasa yadda zan yi sai na rera masa waƙar laimar nan da hanci. Ya ajiye kofi.

"Kai baƙauye, ai Mai Laima kake nufi! Gobe ake yin sa a Sabon Gari. Amma wane ɗan ekta? Ekta ba shi da ɗa."

"Da idona na gani, malam."

"To je ka sake gani da ɗaya idon."

Washegari tun kafin magariba muna ƙofa, har ɗan kawuna na jawo, da kwandonsa wanda ba komai a ciki. Hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, ina kallonsa ina addu'a. Bayan isha aka kashe fitilu, bango ya haska. Me zan gani? Mace da ɗan yaro a bakin kogi! Tun a buɗewa! Ruwa ya taso ya kwashe shi, uwar tana ihu, daidai inda injinmu ya mutu. Amma nan bai mutu ba. Ruwa ya yi ta tafiya da yaron har can ƙasa, ya maƙale a komar wani tsohon masunci. Masuncin ya ɗauke shi ya kai bukkarsa. Yaron yana gudu a kan yashi, yana gudu, ƙafafunsa suka zama na babban mutum, aka ɗago fuskar, sai ga ekta da laimarsa.

Na miƙe tsaye na kurma ihu. Ashe mai majigin nan juya mana gwangwanayen ya yi, na farko ya saka mana daga baya. Yaron da duk Haɗeja muke wa ta'aziyya, shi ne ƙaton da muka yi ta kallo yana rawa a gabanmu da ransa da lafiyarsa. Na baya suka ce in zauna ko su zaunar da ni. Na zauna ina dariya ni kaɗai.

Saura abu ɗaya: ko uwar za ta gan shi. Ana saka gwangwanin ƙarshe ruwa ya tsuge. Masu kujeru suka fara tashi, sai masu benci, kafin ka ce me gida ya watse. Muka rage ni, da ɗan kawuna da ya kifa kwando a ka, da wasu 'yan dako, da wani tsohon soja mai sanda. Bango ya yi duhu. Ofareto, mai kunna injin fim ɗin, ya leƙo ta 'yar tagarsa ta sama.

"Ku tafi mana! Ba ku da gidaje ne?"

Na haye kan benci. "Malam, don girman Allah ka ƙarasa! Daga Haɗeja na zo saboda wannan gwangwanin!"

Sojan ya buga sanda a ƙasa. "Ka ji ko? Bahaɗeje ne, su ruwa ba ya musu komai, kifaye ne. Saka mana, ɗan'uwa!"

Ofareto ya yi tsaki, ya saka. Hasken ya ratsa ruwan sama kamar ana watsa shinkafa, hoton yana rawa amma ana gani. Muka ga uwar nan, ta tsufa, ta zo bara ƙofar gidan biki, muka ga ekta ya sunkuya zai ba ta sadaka, ta hango wani tabo a bayan kunnensa. Sojan nan da ya je yaƙi ya dawo, na ji shi yana jan majina. Ni dai ruwan sama ya rufa mini asiri.

A jirgin dawowa ban ga Ringim ba, ban ga Taura ba, ina ta jera labarin a kaina don kar ni ma in juya gwangwani. Da la'asar muka shiga gari, ruwan kogi ya ƙaru har ya taɓa gindin giginyun mashaya. Na tarar da Kaka a ƙofar ɗakinta.

"Maigida, ka dawo? Ko wata ka gani a birni ka manta da ni?"

"Na ga dubunki, tsohuwa, amma duk suna da haƙora, ban saba ba."

Ta kai mini duka da mafici. Na ajiye mata burodin da na sayo, na zauna a bakin tabarma na fara, wannan karon daga farkon gaskiya. Ba ta katse ni ba sai da na zo inda yaron ya maƙale a koma.

"Wa ya tsamo shi?"

"Wani masunci, can ƙasan kogin."

"Ya riƙe shi da kyau?"

"Kamar ɗan cikinsa. Har ya yi ƙiba."

"Uwar fa, ta gane shi?"

Na faɗa mata zancen tabo. Ta yi tsaki. "Indiyawan nan ba su san haihuwa ba. Wane tabo? Ko daga nesa ya taho, tafiyarsa kaɗai ta isa."

Ta ajiye maficin. Can ta ce, "Kogin nan namu ma ai da masunta a bakinsa, har Gashuwa."

Ban san Baba yana tsaye a bakin zaure ba sai da na ji muryarsa. "Akwai su, Inna. Har gaba da nan ma."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo burodin ta gutsura, ta ce a dafa mata shayi, da madara.

To jama'a, abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kano tana da daɗi amma a riƙe hula a tagar jirgi. Na Canis a kalla don motsa jini, na kaboyi a bar wa masu shi, na Indiya kuwa kar wanda ya kuskura ya kai labarinsa gida sai ya gani har ƙarshe, don ba ka san wanda zai saurara da wani ciwo a ransa ba. Ku kuma da kuka yi ta rantsuwa a majalisa cewa yaron ya mutu, ku daina. Yana nan, ya girma, ya ga uwarsa. Kaka ta ce in sake ba ta labarin gobe, a kira Baba shi ma ya zauna.