Filayar Ƙaraye a Hannun Kawu

Mun tashi da asuba, ni da kawuna, a kan babur ɗaya, jakar kayan aiki a tsakaninmu. Kawu shi ya koya min aikin wuta, kuma shi aka kira daga wani ƙauye a yankin Gwangwan, inda famfon rijiyar burtsatsensu mai aiki da hasken rana ya kwana tara a tsaye. An sha ruwan sama, hanyar garinmu zuwa Ƙaraye ta zama kunu, rabin tafiyar turawa muka yi.

Ni dai ba taɓon ne ya dame ni ba. Babu filaya a jakata. Tawa ta gaske, mai kaurin roba, wadda na shekara shida ina yanka waya da ita, surukina ne ya are ta zai ɗaure shingen gona, mako uku ke nan. Ku da kuka san garinmu kun san ba a zuwa ƙofar suruki a ce, "Baba, ba ni kayana." Sau biyu ina zuwa da niyya, in durƙusa in gaishe shi, in tambayi lafiyar shanu, in tashi. Kawu kuwa ya daina ɗaukar tasa tun da ya ga tawa ta fi.

Da hantsi muka shiga Ƙaraye, ranar kasuwa ce. Kawu ya zauna wurin mai koko da ƙosai yana mitar yadda ƙosan ya ƙanƙance, ni kuma na ce zan zaga, na sulale layin masu kayan ƙarfe. Filaya biyu mai tireda ya ajiye min. Ɗaya mai nauyi, robarta ninki biyu, da tambarin ƙarfin wutar da take iya tarewa. Ɗayar ja ce, sai sheƙi, mara nauyi, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Na san yadda ake dubawa, Kawu ya koya min tun ina sabon shiga. Amma na ce a raina ai ta kwana ɗaya ce, tawa tana nan dawowa. Na ɗauki jar, na cusa can ƙasan jaka.

Da zan hau babur Kawu ya ce, "Filayarka na nan ko?"

Na ce, "Tana jaka, Kawu."

Hanyar Rogo ta fi tamu dama. Dawa da gyaɗa kore shar hagu da dama, mata na tafe da ƙoren nono a ka, motocin haya na watsa mana ruwan kwata ba ko sannu. A Rogo Sabon Gari muka tsaya shan mai, na ciro sabuwar filayar a ɓoye zan datse wata waya da ke lilo a jikin babur. Ina matsawa robar hannun ta zame kamar safa, ƙarfe ya fito tsirara. Na yi maza na mayar da robar, na rufe jaka. Daga nan har ƙauyen ban ƙara ganin gona ko ɗaya ba, bayan wuyan Kawu kawai nake kallo.

Mun isa rana ta take, gari ya washe. Mai unguwa ya tarbe mu da fura, aka yi gaisuwa mai tsawo, ga jarkoki jere a gindin tanki babu ko ɗigo. Ya ce, "Ku yi aikinku hankali kwance, tun ranar muka kashe wutar." Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, famfo kuka kashe. Faifan nan na sama masu tara hasken rana, muddin rana na dukansu, wuta na cikin wayarsu."

Ya hau kan ƙarafan da ke ɗauke da faifan. Nan da nan ya gano matsalar: wata waya ta ƙone, ta manne da ƙarfen da ruwa ya jiƙa. Ya riƙe ƙarfen da hagu, ya miƙo dama ta baya ko waiwaye bai yi ba, kamar yadda ya saba. "Miƙo filaya in datse ta."

Wallahi na miƙa masa. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutane sun kewaye mu, mai unguwa na tsaye, kunya ta ɗaure min harshe. Ina ganin bakin filayar na dosar wayar. Sai da ya rage kamar faɗin yatsa biyu na ji muryata ta fita da kanta.

"Kawu, tsaya! Don Allah tsaya, ba tawa ba ce!"

Ya tsaya. Ya sauko a hankali, ya ɗaga filayar saitin rana, haske na ratsa tsakanin haƙoranta. Ya murɗa robar, ta juya. Ya duba tambari, babu. A gaban kowa na faɗi yadda aka yi, har da zancen suruki. Wani dattijo ya kyaɗa kai ya ce ai maganar suruki da nauyi, Kawu ko kallonsa bai yi ba.

Ya sa aka kawo tabarmi da barguna da buhunan taki, aka lulluɓe faifan kaf, har da darduma daga gidan mai unguwa. Ya auna da mita, ya ga wutar ta mutu, sannan ya sa jar filayar ya datse wayar. Robar ta tsage tun daga sama har ƙasa, tafin hannunsa ya sauka kan ƙarfe. Ya buɗe hannun ya nuna min. Na juya baya don kada a ga idona.

Kafin la'asar ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaura mana zabi biyu a babur. A hanyar dawowa, da muka iso Ƙaraye, Kawu ya tsaya daidai tiredar nan ya ce, "Sauka ka sayi mai nauyin." Na saya, bayan na ɗaga ta a haske na kuma murɗa robar a gabansa.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan kaɗan ne: filaya ba a zaɓenta da sheƙi, kuma kunyar da za ta sa in miƙa wa mutum ajalinsa na bar ta a Gwangwan. Washegari na tafi gidan surukina, na durƙusa, na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo karɓar filaya." Ya ce, "Af, ai da ka yi magana tuntuni." Ya shiga ya fito da ita. Ashe tuni ya sa wuƙa ya fere robar hannun tas, wai santsi take masa in ya yi gumi.

Na sa hannu biyu na karɓa, na duba ta, na ce Baba ya riƙe, na bar masa ita.