Shingen Kara da Garar Filin Gari

Ana idar da sallar asuba muka bar Bacirawa, mu uku 'yan ƙungiyar dashen itatuwa, ko shayi ban kurɓa ba. Kuɗin mota ya sake hawa, direban kuma bai tashi ba sai da ya cusa mana buhunan taki a ƙarƙashin ƙafa. Kafin mu kai Bichi gwiwoyina sun sage.

Wani ƙauye muka nufa a bayan Bagwai. Bara ƙungiyarmu ta dasa mangwaro da darbejiya a filin tsakiyar garin, inda yara ke ƙwallo, mata ke shanya. Sai ga waya wai dashen yana bushewa.

Da na ga filin, wallahi abin ya fi yadda aka faɗa. Kuma ba sakaci aka yi ba. Don gudun awaki, kowane ɗan itace an zagaye shi da shingen karan dawa, an ɗaure tsaf. To, me gara ta fi so kamar busasshen kara? Ta cinye shingen, ta gangara saiwar dashen. Fiye da rabi sun tafi.

Mai unguwa har ya sayo maganin feshi. Wata tsohuwa da gidanta ke bakin filin ta tare shi. "Malam, feshin da aka yi a kasuwa shi ya ƙarar min da kaji. Nan kuma jikokina ke birgima."

Ya ce, "To Inna, mu zuba ido ta ƙarasa sauran?"

Da ƙyar muka shawo kansa. Yini guda muna tuge kara, muna zuba toka da jiƙaƙƙen ganyen darbejiya a gindin waɗanda suka rage, samari suna saro ƙaya ana sake shinge. Da azahar aka kawo dambu da fura. Ni dai da ludayi a hannu na fara gyangyaɗi.

Mai unguwa ya ce ya ajiye maganin zuwa faɗuwar damina. In gara ta dawo, kada wanda ya ga laifinsa.

Za mu shiga mota tsohuwar ta riƙe min hannu. "'Yar nan, tokar ni zan riƙa zubawa. Amma ku dawo, ni kaɗai ba zan iya hana shi ba."

Da magariba na shigo gida, bayana kamar zai ɓalle. Abin da na koyo bai yi min daɗi ba. Ranar dashe mu ne da ɗaukar hotuna, wahalar sauran kwanakin shekara kuwa mun bar wa irin su tsohuwar nan. Na riga na ce mata za mu dawo, alhali abokan tafiyata tun a mota suka ce su kam sun gaji.