Karkatacciyar Ƙusa

Shekara goma sha huɗu ke nan da ya kafa rumfarsa a jikin katangar makaranta, kuma tuni mutane suka daina ce masa kafinta. Injiniya ake ce masa. Yana yin ƙofa da taga, amma abin da ya fito da sunansa shi ne aikin ƙarshen zango da yara ke kira furojet. Da zarar malamai sun ce kowa ya haɗo abu da hannunsa, sai iyaye su cika rumfar, kowa da ɗansa a gefe yana hamma. Ƙaramin gida, ƙaramar gada, motar da ba ta motsi. Gada kaɗai ya yi ta fi ɗari. Yara su kai a ba su maki, shi kuma ya share dusar katako ya koma kan ƙofofinsa.

Bana abin ya faɗo kan 'yarsa, Auta. An kawo sabuwar malama mai tsananin tsiya, ta ce ba ta son kayan ado, aikin da zai amfani wani take so. Wanda kuma aka yi wa, sifili ne, ya shirya maimaita aji.

Kwana uku Injiniya yana soshe-soshen ƙeya da fensir. Ya ce gada, Auta ta girgiza kai. Ya ce to gada mai fitila, ta tambaye shi wa zai hau. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, don sai a lokacin ya gane duk shekarun nan abu uku yake ta juyawa. Maman Auta kuwa ta samu abin yi, ko ruwa ta miƙo masa sai ta tambaya ko tunanin ya sauko.

Auta ce ta samo da kanta. Kujerun ajinsu duk a dama aka maƙala musu allon rubutu, ga ƙawarta bahaguwa da ke wuni a murɗe, har kafaɗarta na ciwo. Sai ta ce za ta yi allon da za a saƙala a hagu. Mako guda tana aunawa tana yankawa bayan an tashi makaranta. Ta hana uban taɓawa, sai dai ya yi ta kewaya ta yana gyaran murya. Da ta gama, ya juya allon ya sake juyawa, bai samu abin gyara ba, daɗi ya cika shi.

Washegari ta dawo da shi a hannu, idanu jajir. Malama ta ce aikin babanta ne.

Ko rigar aiki bai cire ba ya ɗauki allon ya shiga makarantar. Ya rantse, malama ta ce kowane uba ma rantsewa yake yi. Ta buɗe kabad ta fito da tsoffin gadoji uku, ta jera su kusa da allon, ta bi gefensu da yatsa.

"Duba nan, Baba. Wa ke goge kaifin katako haka, har ta ƙasa inda ba a gani? Hannu ɗaya ne."

Ya duba, kuma haka ne. Shi bai ma san yana yi ba, tsoro ne kawai kada katako ya yanki yaro. 'Yarsa da ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburinsa ta kwashe duka da ido. Ga kabad cike da shaidar da ya yi wa kansa. Malama ta ce ta ba Auta zuwa Litinin ta sake.

Ranar Asabar Auta ta ɗauko wani falanki. Ta yanka shi a gurguje, ta bar gefen da kaushinsa, ko kallon sanfefar goge katako ba ta yi ba. Ta kafa ƙusa ta buge ta a karkace da gangan. Hannunsa ya miƙe da kansa zai cire ta.

"Bar ta, Baba," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Idan ya yi kyau ba za su yarda ba."

Ya janye hannun ya sa a aljihu, ya tsaya yana kallo ta ɗauko ƙusa ta biyu.