Kalmar da Jan Biro Ya Rubuta wa Matarsa

A ofishin rajista babu wanda ya taɓa jin Jan Biro ya ɗaga murya. Shekara ashirin da shida yana babban akawu, kullum shi ke riga masinja gaisuwa. In ƙaramin akawu ya kawo masa takarda, da hannu biyu zai karɓa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Sai takardar ta dawo mutum zai ga abin da aka yi masa a gefenta: kalma ɗaya ta Turanci, da jar tawada, an ja mata layi biyu. Daga nan sunan ya samo asali.

Ba irin zagin da ake tsinta a tasha ba ne. Yana da wani ɗan littafi a aljihun tebur, inda ya tara kalmomi kusan sittin daga ƙamus, dukkansu ma'anarsu wauta. Ya jera su kamar yadda mai kemis ke jera magani: ga ta ƙaramin shirme, ga ta shirmen ganganci, ga ta wanda ba ya jin magani.

Kuma tsakani da Allah ana kawo masa shirme. An taɓa samun akawun da ya rubuta wa mamaci wasiƙa, wai ya zo da kansa ya sa hannu a takardar shaidar rasuwarsa. Ranar har jijiyar goshin Jan Biro sai da ta tashi.

In an tambaye shi, cewa yake aiki yake gyarawa. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da Hausa ba zai iya ba. "Wawa" ko "sakarai" sun yi wa bakinsa nauyi. In ya faɗe su, muryar mahaifiyarsa yake ji tana cewa ba haka ta rene shi ba. Turanci kuwa safar hannu ce, ka mari mutum tafinka bai yi zafi ba. Rabin daɗin ma yana wajen kallon akawu ya saci jiki zuwa ƙamus, ya gano da kansa abin da aka kira shi.

Da ya yi ritaya, ya dawo gida da biron da littafin, babu sauran wanda zai yi wa gyara. Abin da ya rage masa shi ne matarsa. Fiye da shekara talatin duk takardar da ta shigo gidan gabansa take zuwa: ta asibiti, ta makarantar yara, saƙon waya daga ɗansu da ke aiki a wata masana'anta can nesa. "Malam, duba min," za ta ce. Shi kuma sai ya ɗauko tabarau a hankali, ya goge, ya gyara zama, tana tsaye tana jira.

Sai ta shiga ajin manya a makarantar da ke ƙarshen layinsu. Shi ya saya mata jaka ma, don ya ɗauka wata biyu za ta gaji. Ta yi shekara biyu. "Duba min" ya fara ƙaranci. Wata rana ya ji ta a kicin tana karanta kwalbar maganin tari ita kaɗai, har da yawan cokali. Ya yini yana faɗa a kan gishirin miya.

Ranar wata Laraba da hantsi ta ajiye masa takarda a tebur.

"Malam, duba min kafin in kai wa malama. An ce mu rubuta wasiƙa da Turanci, na rubuta wa yaron nan."

Layi takwas ne. Ya karanta na farko, babu kuskure. Na biyu ma haka. Ya ci gaba da bin layukan kamar mai neman ƙwaro a shinkafa. Sai a na ƙarshe ya samu. Ta rubuta cewa: in kana barci lokacin da kake karanta wannan, ka bari sai ka tashi.

Wani sanyin daɗi ya ratsa shi. Mai barci ya karanta wasiƙa! Ai wannan ƙanwar wasiƙar mamaci ce. Bai san lokacin da hannunsa ya kai ga biro ba, ko kuwa ya sani sarai. Ya zaɓi kalma mafi tsawo a littafinsa, wadda sau biyu kawai ya taɓa amfani da ita a ofis, ya ja mata layi biyu.

Ta ɗauki takardar, ta kai kusa da ido.

"Wannan fa?"

"Gyara ne."

"Me take nufi?"

"Ba ta da Hausa."

"Haba Malam! Kai da ke fassara min rubutun likita, wanda ko shi likitan ba ya ganewa, yau kalma ɗaya ta gagare ka?"

"Na ce miki ba ta da Hausa. Ki goge layin ƙarshe kawai, ki daina jan magana."

Ba ta ja ba. Ta juya ta nufi kantar littattafai, ta sauko da babban ƙamusunsa mai fassarar Hausa, wanda a da iyakarta da shi ta share masa ƙura. Ya manta yanzu ta iya karatu.

Ta daɗe tana nema. Tana lasar yatsa tana buɗe shafi, tana wucewa, tana dawowa, leɓenta na motsi. Yana da lokacin da zai ce ta yi haƙuri sau goma. Ya zauna yana jujjuya murfin biro, haushi na cinsa: haushinta, haushin malama, haushin wanda ya buga ƙamus.

Yatsanta ya tsaya. Ta karanta a fili, harafi bayan harafi: "Maganar banza, irin ta marar hankali."

Fanka na juyawa. A waje mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa.

"Na yarda layin shirme ne," ta ce. "Yaron aikin dare yake yi, da rana yake barci, ka sani. Ba na so in tashe shi, shi ne hannuna ya rubuta. Amma tunda ga Hausarta mun samu, faɗa min da bakinka. Kalle ni ka ce marar hankali."

"Ni ban ce haka ba."

"Ka rubuta."

"Ke, wannan Turanci ne kawai. Haka ake yi a ofis."

"Au, Turancin ne ya zage ni, kai kana gefe kana kallo?"

Ya miƙa hannu wajen takardar.

"Kawo in goge," ya ce.

"A'a, bar ta." Ta ninke takardar ta sa a jakar da ya saya mata. "Dama malama ta ce kowa ya riƙa zuwa da sabuwar kalma duk mako. Za ta tambaye ni inda na samo, zan ce a gida."

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarta daga ɗansu. Jan Biro na falo ya ji ƙarar, kafin ya ankara har ya goge tabarau ya gyara zama. Ta tsaya a ƙofar kicin tana karantawa a hankali. A tsakiya ta ci karo da wata kalma, ta maimaita ta sau uku, ta ƙi fita. Ya san kalmar, tana bakinsa. Ya yi gyaran murya.

Ta wuce ta gabansa, ta sauko da ƙamus, ta koma kicin da shi.