Sifirin a Keken Alƙali

Wendell Archuleta ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar 'yan makaranta a Salida, jihar Colorado, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi ne da tsofaffin kekunan hawan dutse, musamman ƙafarsu ta gaba, bututu biyun nan masu riƙe taya suna shanye gargada. A farkon shekarun 1990 curin roba ake jerawa a cikinsu, ba sifirin ba.

Duk ƙarshen shekara masu irin waɗannan kekuna kan taru su hau dutse tare. Dokarsu ɗaya ce: komai na jikin keke ya zama irin na zamaninsa. Wendell ne mai dubawa, shi ya sa ake ce masa Alƙali, kuma ba ya sassauta wa kowa. Mutum goma sha ɗaya ya mayar gida a cikin shekara tara saboda karya dokar.

Bara wuyan hannunsa ya fara ciwo. Ya shiga garejinsa, ya zare robar ƙafar kekensa, ya zura sabon sifirin na ƙarfe, ya mayar da murfi. Daga waje babu mai ganewa, shi kuma bai gaya wa kowa ba.

Ranar hawa sanyi ya sauko da wuri. Tsohuwar roba in ta ji sanyi sandarewa take kamar icce, don haka kowa ya yi ta shan jijjiga a kan duwatsu. Keken Wendell kaɗai ke lotsawa yana tasowa sumul.

Da aka tsaya hutu, Lorna Vigil, maƙwabciyarsa mai gidan burodi, ta matso.

"Ranka ya daɗe, Alƙali, bargo ka lulluɓa wa robar taka?"

Aka yi dariya.

"Kulawa ce kawai," in ji shi.

"To koya mana, haƙorana sun kusa zubewa."

Ta danna kan keken da wasa. Ya lotsa, ya taso da ƙarar ƙarfe. Dariyar ta tsaya. Kowa ya gane ba roba ce a ciki ba.

Shi da kansa ya ari sifana, ya kwance murfin, ya zaro sifirin ya ɗaga kowa ya gani.

"Hannuna ke ciwo," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Haba Wendell," in ji Lorna, "da ka faɗa, wa zai hana ka? Mayar mu tafi."

Bai yarda ba. Ya juya ya gangara da keken a hannu, tafiyar mil shida.

Bana sun roƙe shi ya ci gaba da dubawa, ya ƙi. Ya dai zo, ya dafa musu kofi a bayan motarsa, ya koma gida kafin su sauko.