Billen Nomau

Shekara goma sha tara Mala Gana ya yi yana gyaran tsofaffin hotuna a wani ɗan shago cikin Birni. Tare suka tsufa da ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, sai dai ita ta riga shi gajiya. Ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, da an ɗora mata babban hoto sai ta sandare tana nishi kamar jakin da aka labta wa kaya.

Dole ya koyi lallashinta. Ba ya ajiye hoto ɗaya sau biyu, sabon gyara yake dannewa kan tsohon. Fuska ma gutsure-gutsure yake buɗe ta, goshi daban, kunci daban. Matakan komawa baya kuwa, waɗanda ake warware kuskure da su, ya rage su daga hamsin zuwa biyar. In an yi masa magana, sai gogan ya ce, "Gwani ba ya kuskure shida a jere."

Ran nan wata dattijuwa, Shatu, ta zo daga Guna da hoton mahaifinta Nomau, wanda ya rasu tana shekara bakwai. Hoton shi kenan guda ɗaya a duniya. Danshin damina ya manne shi da gilashi, duk ya tsattsage. Da ƙyar Mala ya ɓamɓaro shi ya ɗauka cikin na'ura, yana ɗago takardar, fuskar ta marmashe. Bai damu ba, ai yana da ita a ciki.

Kwana uku yana share tsaga ɗaya bayan ɗaya, har hoto ya fito sumul.

Shatu ta daɗe tana kallo. "Mala, wannan ba Baba ba ne. Ina billensa?"

Mala ya leƙa hoton. Zanen nan guda na kunci, ya haɗa shi da tsagogin takarda ya share. Ya danna baya sau biyar, na'ura ta tsaya. Ya sake dannawa, ya sake, babu. Wallahi abin tausayi, babban mutum yana roƙon ƙarfe.

"Yaya, kwantar da hankalinki, zan zana shi da hannu. A wane kunci yake?"

Shatu ta kai yatsa kuncinta na dama. Ta mai da shi hagu. Ta sake dawo da shi dama.

"Ban sani ba, Mala," ta ce. "Shekara hamsin hoton ke riƙe mini."